Annobar da Safara'u Ta Rubuta

Da rana tsaka Safara'u ta isa bakin rijiyar unguwarsu a Rogo, sai mata suka shiga janye 'ya'yansu daga kusa da ita. Wata tsohuwa ta tofar da yawu, ta ce ga mai mugun bakin nan da ta kira musu annoba... Haka baiwar Allah ta juya da bokitinta babu ko ɗigon ruwa, hawaye na wanke mata fuska.

Marainiya ce, ita da yayarta Radiya kaɗai iyayensu suka bari. Shekara biyu ta kwashe tana rubuta wani labari a littattafan makaranta in ta dawo daga roron gyaɗa, labarin wata cuta da za ta ɓulla a ruwan Karaye nan da shekara ɗari, zamanin da na'urori ke noma, da wasu 'yan'uwa mata biyu da suka ƙi rabuwa har suka gano magani. Radiya ce mai waya, sai ta karɓa wai za ta buga mata. Ashe da sunanta ta sake shi a zaurukan masu karanta littattafai na waya! Da Safara'u ta yi magana, sai Radiya ta ce wa zai yarda mai roron gyaɗa ta iya wannan? Safara'u ta haɗiye, ta bar wa Allah.

Da damina ta yi nisa, amai da gudawa ya ɓarke, aka fara rasa rayuka, gari ya ɗauka cewa littafin nan ne ya jawo. Tsoro ya kama Radiya, ta naɗi murya ta watsa tana rantsuwa ko harafi ɗaya ba ta rubuta ba, ƙanwarta ce, ta kuma kai littattafan gaban mai unguwa.

"Yaya," in ji Safara'u da ta koma gida daga rijiyar, "da ake yabo kin ce naki ne, na yi shiru. Sai yau da ake tsinuwa kika tuna da ni?"

Radiya ba ta ko dube ta ba, kayanta ta watso mata waje. A ƙafa Safara'u ta kama hanyar Kwanyawa wajen goggonsu Kande, inda zazzaɓi ya kwantar da ita sati uku, kullum tana kuka tana faɗin, "Ya Allah, kai ne shaidata..."

Allah bai bar ta ba. Malama Turai, jami'ar lafiyar da ke zagayen gidaje a Rogo, ta lura akwai gidajen da ba a yi rashi ba. Da ta bincika, matan suka ce tafasa ruwa suke yi, suna haɗa gishiri da sukari kamar 'yan'uwan cikin labarin. Aka kuma gano rijiya ce ta gurɓace. Ranar Juma'a liman ya faɗa a huɗuba cewa an zalunci marainiya, mata suka yi ayari zuwa Kwanyawa neman afuwa.

Da wani mawallafi daga Kano ya zo neman marubuciyar, Radiya ta sha kwalliya ta ce ita ce. A gaban jama'a aka kunna mata muryarta tana rantsuwa! Aka fitar da ita daga zaurukan, kunya ta hana ta ko leƙa ƙofa.

Daga baya ta je ta durƙusa gaban ƙanwarta tana kuka. Safara'u ta ɗago ta, ta share mata hawaye.

"Na yafe miki, Yaya. Amma 'yan'uwan nan biyu na cikin littafina, da ina zaton ni da ke na rubuta... Yanzu na san ƙirƙirarsu na yi."