Satar Gicciyen Masuntan Kavala

Sufeto Lambros Hatzidis yana zaune a shagon gahawa a gindin tsohuwar gadar ruwa ta Kavala, ko kurɓa biyu bai yi ba, Saje Fotini ta bugo masa waya.

"Ranka ya daɗe, an yi sata a cocin masunta. Gicciyen gobe aka ɗauke. Kuma jama'a sun riga sun kama ɓarawonsu, suna neman yi masa hukunci da hannunsu."

"Wa suka kama?"

"Sabri, Bamisiren nan."

"Dama wa za su kama in ba shi ba?" in ji Sufeto. Ya bar gahawar ya tashi.

Washegari ce ranar sa wa teku albarka. Fada, limamin cocin, zai tsaya a bakin tashar jiragen ruwa ya jefa gicciyen azurfa cikin ruwan Janairu mai yanka ƙashi, samari su faɗa su bi shi, wanda ya fito da shi ya kwashi albarkar shekara. Gicciyen nan kuwa kakannin masuntan suka taho da shi daga hayin teku lokacin gudun hijira. In ba shi, tsofaffin lungun nan sun gwammace jiragensu su ruɓe a ɗaure da su fita.

Sufeto ya tarar da ƙofar coci cike da mutane, Saje Fotini ta tsaya a gaban Sabri ta baje hannuwa. An yaga masa riga, leɓensa ya fashe.

"Da asuba aka gan shi a nan!" wani ya ɗaga murya.

"Tun ranar da ya dawo ba Orestis muka san ba alheri a tare da shi!" in ji wata tsohuwa.

Sunan ya soki Sufeto a ƙirji. Orestis ɗan Kyaftin Zisis ne, shi kaɗai gare su. A kakar da ta wuce igiyar ruwa ta share shi daga kan jirgin ubansa a bayan tsibirin Tasos, teku kuma ta hana ko gawarsa. Lambros ne uban baftismarsa, shi ya ɗauke shi tsirara yana tsala kuka a cikin wannan cocin. Sabri ma'aikacin jirgin ne, yana ciki ranar. Laifinsa ɗaya, ya dawo da rai.

"Duk wanda ya ƙara taɓa shi, a bayan kanta zai yi bikin gobe," in ji Sufeto. "Saje, kai shi caji ofis."

Mutanen Kavala suna da kirki, wannan ba musu. Amma in abu ya ɓata, idonsu kan baƙo yake fara sauka, nasu kuwa ko da wuƙa a hannu aka gan shi sai a ce kifi zai gyara.

A cikin coci Fada Efrem yana ta murza gemu.

"A ina ka ajiye shi, Fada?"

"Nan kan tebur, ɗana. Jiya da yamma na goge shi, na ɗaura masa ganyen ƙamshi. Da safe na shigo, wayam."

"An ɓalle ƙofa?"

"Ba ma kullewa. Masunta kan shigo kafin gari ya waye."

Sufeto ya zagaya. Zobban zinariya da sarƙoƙin da mata ke rataya wa hoton waliyyin masu jirgi suna nan, ko ɗaya ba a taɓa ba. A cikin tiren yashi kuwa kyandir ɗaya ne tak, ya ci har ya kusa ƙarewa.

"Kai ka kunna wannan?"

"A'a. Yana ci na same shi."

"To yau kam na ga ɓarawo mai ladabi. Ya bar zinariya, ya kunna kyandir, sannan ya yi sata. Fada, Sabri ya taɓa kunna kyandir a nan?"

"Musulmi ne, ɗana. Ko inuwar ƙofar ba ya tsayawa."

A ofis Sabri ya zauna ya haɗa gwiwoyi, yana kallon ƙasa.

"Me ya kai ka bakin coci da asuba?"

"Burodi na je saye, ranka ya daɗe."

"Wa ka gani?"

"Ba kowa."

"Ɗago ka dube ni. Wa ka gani?"

"Duhu ne. Ban ga kowa ba."

"Ka san abin da zai biyo baya? In na rubuta sunanka, takardunka na aiki sun mutu. Jirgin sama za a sa ka, ka koma garinku Dimyaɗ hannu rabbana, da sunan ɓarawon coci. 'Ya'yanka nawa?"

"Huɗu." Hawaye suka zubo masa, ya goge da yagaggiyar rigar. "Allah ne mai ciyar da su. Ban ga kowa ba."

Sufeto ya daɗe a aikin nan. Ya san ƙaryar mai tsoron ɗauri, ya kuma san ƙaryar mai rufa wa wani asiri. Wannan ta biyun ce, kuma a duk garin nan mutum ɗaya ne Sabri zai yarda ya rasa abincin 'ya'yansa saboda shi. 

Bayan azahar Sufeto ya gangara tashar masunta. Baƙi 'yan yawon buɗe ido suna saukowa daga ganuwar kan tudu, suna ɗaukar hoton jiragen da ke jere, ƙamshin gasasshen kifi ya cika wurin. Tun Kirsimeti ba jirgin da ya motsa a lungun nan, don tsofaffi sun ce ruwan da ba a sa wa albarka ba, ba a shigarsa. Igiyoyi duk sun bushe, tsuntsaye sun ɓata rumfuna.

Sai jirgi ɗaya. Igiyarsa jiƙe take sharkaf. Ya haura ya ɗora tafinsa kan inji, ya ji ɗumi. Da ma ya san jirgin wane ne, amma ya tsaya yana karanta sunan da ke jikinsa kamar bai iya karatu ba.

Mai gidan abincin da ke kallon tashar yana juya kifi a kan gawayi.

"Manolis, wa ya fita da jirgin Zisis yau?"

"Ni? Idona na kan kifina, Sufeto. Zauna mana ka ci, ka rame."

"Manolis."

Mutumin ya ajiye cokalin, ya yi ƙasa da murya. "Rabon da ya taɓa jirgin nan tun rasuwar yaron. Ka bar ni haka, don Allah."

Gidan Zisis yana tsohuwar unguwa, can sama kusa da hasumiyar fitilar jirage. Sufeto ya hau matakalan nan da ya saba hawa da kyandir ɗin Ista da sabon takalmi na ɗan baftismarsa, yau kuwa kowace ƙafa sai ya ja ta. Kira Marigo, wato Uwargida Marigo, matar Zisis, ta buɗe masa, baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa.

"Kumbaro, shigo," ta ce, sunan da iyaye da uban baftismar ɗansu ke kiran juna. Ta kawo masa gahawa ba sukari da busasshen burodi, abin gidan makoki.

"Ina Kyaftin?"

"Yana kwance. Mura ta kayar da shi tun jiya, ko ƙofa bai leƙa ba."

"Bari in gaishe shi."

"Barci yake."

A bayan ƙofa dogayen takalman roba suna tsaye, ruwa ya taru a ƙarƙashinsu. Ya dube su, ta ga ya dube su. Ta zauna a hankali.

"Marigo, akwai mutum a kulle a ofishina. Da safe saura kaɗan a kashe shi."

Ta rufe fuska da gyalenta. "Ya sake gangarawa jirgi. Kun yi saɓani."

Ya sami Zisis a jirgin, zaune a kan akwatin komar kamun kifi, yana kallon bakin tasha inda jirgin fasinja na Tasos ke fita. A gefensa akwai kwando, an rufe da farin tawul. Sufeto ya zauna, ya ɗaga tawul ɗin. Wando da rigar sanyi ne a goge, da safa, da gorar shayi. Kowace uwa a Kavala ta san kwandon nan, shi ake riƙewa a bakin ruwa ranar biki, ana jiran yaro ya fito yana kyarma.

"Kumbaro, ina gicciyen?"

"Ban san zancen da kake ba."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Zisis. Injinka da ɗumi. Kai ka kunna kyandir ɗin, kuma Sabri ya gan ka. Yana can ya fi son a kore shi daga ƙasar da ya faɗi sunanka."

Tsohon ya juyo a firgice. "Sabri? Sabri suka kama?"

"Har sun fasa masa baki."

 Da Zisis ya buɗe baki, muryar kamar ba tasa ba.

"Ka san yaron nan, Lambros. Tun da ya fara shiga ruwa ranar bikin nan, wa ya taɓa riga shi? Fada bai gama sakin gicciyen ba, shi ya riga ya nutse. Ko ina ya faɗa, Orestis ne zai ɓullo da shi a hannu yana dariya."

"Na sani."

"Mun nema da jirage, mun nema da masu nutso. Uwarsa ta kira shi har muryarta ta dushe, bai amsa ba. Sai na ce, abu ɗaya ne bai taɓa ƙin bi ba." Ya goge hanci da bayan hannu. "Na kai shi daidai wurin. Na kashe inji. Na yi addu'ar da Fada ke yi, iya abin da na riƙe, na jefa."

"Ka ɗaura masa igiya?"

"Igiyar me? Ai shi zai kawo."

Sufeto ya juya fuska wajen teku, don bai so a ga ɗan sanda yana kuka a bakin aiki. Bai yi nasara ba.

"Ba hauka nake ba, kumbaro," in ji Zisis. "Na san matacce ba ya iyo. Amma da ka ga yadda ruwan ya kwanta da safen nan, kai ma da ka jira."

"Wurin yana da zurfi?"

"Ba mai nutson da zai kai."

Sufeto ya miƙe. Ankwa tana aljihunsa, a nan ya bar ta. "Kyaftin Zisis, na kama ka da laifin satar kayan coci. Tashi mu je."

"A fara sakin Sabri. Ni zan faɗa wa mutane da bakina."

Suka taka a kan tasha kafaɗa da kafaɗa. Masu cin kifi suka ajiye cokula, tsohuwar da ta fi kowa ihu da safe ta toshe baki da hannu. 

Kira Marigo tana tsaye a ƙarshen matakala, ashe ta biyo baya. Ba ta dubi Sufeto ba, mijinta ta kama wa hannun riga.

"Ɗazu na kasa tambayarka," ta ce. "Ka daɗe kana jira?"

"Har rana ta take."

"Wataƙila da ka ƙara kaɗan, Zisis."

"Wataƙila," in ji shi.

Sufeto ya buɗe masa ƙofar mota, ya dafa masa kai kada ya bugu, suka tafi.