Rigar Sarkin Ƙadangaru

Ruɓaɓɓen mangwaro ne ya haɗa su. Wilfrido ya auna bango ya kuskure, sai ji kake caɓal a kafaɗar wata budurwa mai sayar da soyayyar ayaba.

"Allah wadaran hannun nan naka!" ta ce tana yatsina fuska. "Ƙato da kai!"

Ya saki baki yana kallonta, ko haƙuri ya manta bai ba ta ba.

Haka ake yi duk Disamba a unguwarsu a birnin Barranquilla na ƙasar Kolombiya. Sai a haska Sarkin Ƙadangarun Wata a jikin bango, shirin nan da wani gidan talabijin ya nuna sau ɗaya tak shekaru talatin baya, kunya ta sa ya ɓoye shi. Tir! Kumbon da ke cikin shirin murfin tukunya ne, har zaren da ya rataye shi ana gani. Sarkin kuwa mutum ne cikin fatar saniya da aka manna wa ɓawon kifi. Da ya fito sai jifa da ruɓaɓɓun kayan marmari. Wilfrido ne ya tono kaset ɗin, shi ne kuma uban jifa.

Sunan budurwar Yuleidis. Kafin sabuwar shekara waya ta ɗau zafi.

"Tauraruwata, rigar ta wanku?"

"Ta wanku. Kai ne dai da saura."

Ranar da ya je gaida mahaifinta, Don Aristides ya ce, "Zauna." Wilfrido ya zauna. Muryar nan ya haddace ta sarai, ta sarkin ƙadangaru ce.

"Ta taga nake kallonka kana jifana," in ji tsohon. "Dā tafa min ake yi a dandamali, yaro. Bayan ƙazamin shirin nan ko tallan sabulu ba a ƙara kirana ba. Gari ya manta, kai ka tono. Tashi ka ba ni wuri!"

Yana fita ya rubuta mata: "Don me kika ɓoye min?"

"Wa zai so 'yar ƙadangare?"

"Ni."

"To Baba yanzu ba shi da zance sai in auri Ovidio mai kantin magani. Ni ko warin man zafinsa amai yake sa ni."

Wilfrido ya yi ta sintiri wata da watanni, ana rufe masa ƙofa. Da Disamba ta kawo jiki, tsohon ya kira shi ciki, ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado ya buɗe. Wayyo hanci! Kyankyasai suka watse. Ga fatar nan ta yi funfuna, tana tashin ƙarnin kifi da tsohon gumi.

"In kana son 'yata, sa ta. Ka tsaya a gaban bangon."

Sau biyu Wilfrido ya yi amai kafin kansa ya shige. Wani abu mai ƙafafu na yawo a bayansa, bai ma so sanin ko mene ne ba. Ya je ya tsaya. Jama'a kowa da mangwaronsa a hannu, an rasa mai farawa.

Sai ga Don Aristides ya ratso taron, rungume da gwandar da ta kwana biyu da mutuwa. Ya auna, bai kuskure ba. Ruwanta ya bi ta ramin idon fatar ya gangara har bakin Wilfrido.

"Shekara talatin ina son in jefi banzan nan!" tsohon ya ce, ya fashe da dariya har da hawaye. "Cire, ɗana, kar ka mutu min."

Aka ɗaura aure kafin kanibal, bikin raye-rayen gari na shekara-shekara. A ƙofar coci Don Aristides ya dafa kawunansu da muryar nan tasa mai kauri: "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu saiti."

Yuleidis ta matso kusa da kunnen angonta, ta toshe hanci.

"Har yau ƙarnin kifi kake, ƙadangarena."

Amma ba ta saki hannunsa ba.