Ɗigo a Cikin Ƙurar Tauraro

A can wani zamani, a kan wani dutse mai nisa, an yi wata mata da mijinta masu binciken taurari. Shekara talatin suna kallon wani jaririn tauraro ta madubin hangen nesa. Ƙura ta kewaye shi kamar faifai, mijin kuwa kullum cewa yake, "Cikin ƙurar nan za a haifi sabuwar duniya."

Ya jira, ya jira, har Allah ya karɓi abinsa.

Ran da matar ta fita takaba, sai ta hango ɗan ɗigo a cikin ƙurar. Ƙanen mijin, da ke tare da ita, ya leƙa, ya daka tsalle. "Matar Yaya, ga ta nan! Mu sanar, a sa mata sunan marigayi."

Ta duba, ta sake dubawa. Da ta goge madubin da bakin mayafinta, ɗigon ya ɓace.

"Wa ya sani in ba mu biyu ba?" in ji ƙanen. "Haba, ki bar masa ko wannan."

Ta daɗe tana kuka. Sannan ta buɗe littafin binciken mijin, ƙarƙashin layinsa na ƙarshe ta rubuta: "Datti ne a madubi."