Wa Ya Kwashi Hoton Auta?

Auta na murza takarda da bayan cokali a kan katakon da ta shafe da tawada, sai inuwar mutum ta rufe ƙofar shagon. Dogo ne, da jakar laftop a kafaɗa. Ya tsaya yana kallon hotunan da ta shanya a igiya kamar ya manta abin da ya kawo shi.

"Duk da hannu kike yin waɗannan?"

"A'a, da ƙafa," ta ce, ba ta ɗago ba.

Dariyar da ya yi ce ta sa ta ɗago. Da ma ba ta ɗago ba, don daga ranar wuƙar sassaƙarta ta fara kuskure.

Sana'ar Babanta ce ta gada: a sassaƙa hoto a jikin katako, a shafa tawada, a ɗora takarda a danna. Shi kuwa baƙon a kwamfuta yake zane. Ta laƙaba masa Ɗan Latsa, shi kuma yana kiranta Baƙin Yatsa.

Baba bai yarda da shi ba ko kaɗan.

"Irin waɗannan da ido suke sata, Auta. Abin da kika yi wata kina sassaƙawa, latsawa ɗaya ya kwashe."

Wanda Baba yake so shi ne ɗan amininsa, mai saka hotuna a firam, wanda yake zuwa karɓar hotunanta yana gaisuwa har ƙasa. Auta dai gaisuwar ba ta taɓa burge ta ba. Saƙon Ɗan Latsa take jira.

"Baƙin Yatsa, yau na zana na goge har na gaji. Ke in kin yanka kin yanka. Ba kya tsoro?"

"Ina ji mana. Shi ya sa nake daɗewa ina kallo kafin in sa wuƙa. Kai ma kallonka nake yi."

Wata rana ta fita sayen takarda, sai ta yi turus a bakin titi. Ga hotonta na tsohuwa tana tsefe kan jikarta, wanda ta fi so a duk aikinta, an buga shi a gaban riguna an jera ana sayarwa. Mutum ɗaya ta taɓa bari ya ɗauki wannan hoton da waya.

Mai rigunan ya kwatanta mata shagon da ake bugawa. Tana leƙawa ta ga Ɗan Latsa tsaye, riguna rungume a hannunsa, yana magana da mai shagon. Suka haɗa ido. Ta juya, ya biyo ta yana kira, ta shige mota.

"Don Allah ki tsaya ki ji ni," ya rubuto. Ta toshe lambarsa.

Da Baba ya ji labari, sai ya yi gyaran murya, wanda ya fi magana ciwo. Mai firam kuwa ya ƙara yawan zuwa, yana ta jajantawa.

Yayarta ce ta gaji da ganin ta tana hawaye a kan katako.

"Ke da kika gan shi da riguna, kin tambayi mai shagon wa ya kawo hoton? Ko idonki ne alƙali?"

Ta koma shagon buga rigunan. Mai shagon na ganin ta ya ɗaga hannu.

"Baiwar Allah, na daina! Wannan dogon ya kusa tayar min da shago, sai da ya kwashe sauran rigunan kaf. Ni ba ta waya aka kawo min ba. Ainihin takardar aka kawo, cikin firam, mutumin ya ce aikinsa ne."

Ta gaya wa Baba. Da ya kira mai firam ya tambaye shi, sai mai firam ya hau sosa ƙeya.

"Ai Baba, zamani ne ya zo da..."

"Tashi ka fita," in ji Baba.

Auta ta daɗe riƙe da waya kafin ta buɗe lambar Ɗan Latsa ta rubuta: "Na zarge ka ban tambaye ka ba. Ka yafe min."

"Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ina bakin layinku. In ƙaraso, Baƙin Yatsa?"

Ya ƙaraso. Baba ya yi masa tambayoyi kamar mai neman ɓarawo, har sunan kakansa, sannan ya ce ya turo manyansa.

Ranar auren, bayan jama'a sun ragu, Auta ta ga Baba ya ja angon gefe. Ya ciro wani tsohon hoto daga aljihu, na marigayiya mahaifiyarta, ya koɗe har fuskar ta kusa ɓacewa.

"Wannan na'urar taka," ya ce a hankali, "za ta iya dawo min da fuskarta?"

"Za ta iya, Baba."

Baba ya kama hannunsa ya haɗa da na Auta.

"To Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ka riƙe min ita da amana."