Inda Ake Ɓatar da Mamaci

A garinmu ba a zarcewa gida daga makabarta, sai an ratse wani wuri don mamaci ya ɓata hanya. Shi ya sa bayan jana'izar na bi mijina Isko zuwa ɗan tsibirin da ake takawa idan teku ya janye. Ya yi kukansa, bai ce mini uffan ba. Ina kallon faɗuwar rana, ruwa ya rufe hanya.

Wata tsohuwa na tsaye cikin ruwa, zanenta a bushe.

"Kaka, kin ga mijina?"

"Ya tafi, 'yar nan. Kowa nan yake kawo nasa."

Na dubi yashi. Sawun Isko ne kaɗai, zuwa da komawa.