Awa Ɗaya da Kwata Zuwa Legas

A bakin kasuwar Samaru suka haɗu, kuma da jini aka fara. Wani ɗan iska ya fizge wayar Tabitha, Remi ya sha gabansa, suka kama kokawa har aka fasa wa Remi leɓe. Ya dawo da wayar yana tofar da jini.

"Ga ta. Ki ba ni lambarki, ita ce maganin leɓen."

Remi Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari, gyaran jirgin sama ya koya, ya samu aiki a Legas. Kafin wata shida ta zama Tabi tasa.

To, Legas ɗin ce matsalar. Can aka kai Elizabeth, yayar Tabitha, aure. Ranar da mijin ya yi mata dukan mutuwa ta kira Mama tana kuka, Mama ta hau bas, awa goma sha bakwai a hanya. Gawa ta tarar.

Da Remi ya zo gaisuwa, Kefas wan Tabitha ne ya tare shi da taɓarya.

"Ɗaya ba ta ishe ku ba?"

Ya sauke masa a kafaɗa, ya ƙara a hannu, aka ji ƙashi ya ce ƙas. Tabitha ta faɗa kansa, ta uku a bayanta ta sauka. Remi, wanda ya kayar da ɓarawo, ko yatsa bai ɗaga ba. Mama na bakin ƙofa, ta gani.

Daga asibiti ya turo saƙo: "Tabi tawa, na hagu ne ya karye, na dama yana nan zai sa miki zobe. Ki gaya wa Mama Kaduna zuwa Legas awa ɗaya da kwata ne a jirgi."

Tabitha ta karanta wa Mama.

"Ban san awar baki ba," in ji Mama. "Sai na auna da kaina."

Matar da ko lilo ba ta hawa ta cire agogon bangon ɗakinta ta sa a jaka, ta ce Tabitha ta raka ta. Daga ƙofar gida ta fara ƙirga. Mota zuwa Kaduna, zaman jira, layi. Da jirgi ya tashi ta damƙe hannun Tabitha har farce ya shiga, tana ta kiran sunan Yesu, amma ido na kan agogo.

A ƙofar ɗakin Remi a Legas ta duba.

"Awa biyar da rabi, ba ɗaya da kwata ba." Hawaye suka zubo mata. "Da biyar da rabi na yi, da na sami Elizabeth da rai."

Ta share ido, ta dubi Remi da hannunsa a ɗaure.

"Ɗana, ka taɓa Tabitha da safe, tuwon dare da ni da Kefas za ka ci."

"Na ji, Mama."

A majami'a a Sabon Gari aka ɗaura auren. Kefas ne ya riƙe wa ango zobe, yana ta sunkuyar da kai. Mama ta miƙa wa amarya agogon.

"Ki rataya inda zai riƙa gani. Ubangiji Ya sa don suna kaɗai zan hau jirgi."