Saƙon da Ke Cikin Wayar Rissa

Zuhaira na tsintar wake a tsakar gidansu a Tanut, yayanta Haruna ya shigo ya ja kujera. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne waliyyinta, kuma saura wata biyu aurenta da Zakiyyu, mai shagon cajin waya a bakin kasuwa.

"Ƙaramin abu nake so," in ji shi. "Rissa na Tenhiya kullum wurin saurayinki yake barin wayarsa, har kod ɗin buɗe ta ya ba shi tunda bai iya karatu ba. Wani baƙo ke sayen raƙumansa ba ta hannuna ba, ni da nake dillalinsa. Ki amso min kod ɗin, in saurari vokal ɗinsu, saƙonnin murya, in san ko wane ne."

"Yaya, wannan laifi ne fa. A makarantar kasuwanci an karantar da mu: shiga wayar mutum ba da izininsa ba, ko ba ka ɗauki komai ba, doka na hukuntawa. Wanda ya ba ka kod ɗin ma abokin laifi ne."

"To, alƙaliya. Kunne ne ɓarawo?"

Inna Dado ta leƙo daga madafa. "Ke, yayanki ne fa. Bokon nan sai ya sa ki ƙi jininki?"

Haushi ya cika Zuhaira. Ta yi shekara biyu a Damagaram tana haddace wannan, ga shi a gidansu an maida ita marar kunya. Ta ƙi. Haruna ya tafi wurin Zakiyyu da kansa, shi ma ya ce, "Yaya, amana ce, ka yi haƙuri." Ranar nan aka ɗage biki, sai baba ta gani.

Sati uku gidan ba daɗi. Inna ta daina amsa gaisuwarta da sakin fuska. Zuhaira ta yi kuka har ta gaji, wata rana ma ta ce wa Zakiyyu, "Lamba huɗu ce kawai fa ta hana mu aure."

"Ke kika koya min sunan laifin," ya ce. "Kada ki karaya yanzu."

Shi kuwa gogan naka Haruna bai haƙura ba. Ranar kasuwa ya zauna kusa da Rissa, ya lura da inda yatsansa ke dannawa. Da mutumin ya tafi alwala ya bar wayar kan tabarma, Haruna ya buɗe, ya tura wa kansa vokal ɗin. Wayo ya ƙare a nan, don bai san goge saƙon da aka tura ba. Da la'asar Rissa ya ga hoton Haruna da hularsa a saman jerin saƙonninsa, ya kama hanyar jandarmomi.

Da labari ya kai wa Haruna, ya shigo gida gumi sharkaf. "Zuhaira, me dokar ta ce?"

Ta so ta rama, wallahi ta so. Amma da ta dubi Inna, ta fasa. "In ƙara ta shiga, ko ya yafe ba lallai a bar maganar ba. A tare shi tun bai kai ba."

Mutum ɗaya Rissa zai saurara a garin nan. Zuhaira ta kira Zakiyyu, ya rufe shago, ya cim ma Rissa a hanya, ya yi ta ba shi haƙuri.

"Haruna ya nemi kod ɗin a wurinka?" Rissa ya tambaya.

"Ya nema."

"Ka hana, ya hana ka mata?" Rissa ya gyara rawani. "Saboda kai na bari."

Washegari Haruna ya tsaya a ƙofar ɗakin Zuhaira, ya kasa haɗa ido da ita. "Ki ce wa Zakiyyu manyansa su zo Juma'a, a sa ranar biki."

'Yan'uwa, wayar mutum ɗakinsa ce, ba a shiga sai da sallama. Kuma wanda ya riƙe amanar baƙo har ya kusa rasa aure, shi ne zai riƙe muku 'ya.